Yadda Aka Shuka Ni a Ƙasar Walgaza

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ɓoye abincin gari guda a cikin ƙwayar da ba ta kai idon fara ba. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Tudun Aduwa, wanda ya taka ƙasashe bakwai, aka kore shi daga uku, aka shuka shi a ɗaya. Mai gaggawa ya tashi tun yanzu, mai zama ya gyara tabarmarsa, don zan faɗi yadda na tafi neman geron kwana arba'in, da abin da na komo da shi.

Garinmu garin gero ne. Da shi muke tarbar jariri, don kunun kanwa maijego ke fara sha, da shi kuma muke raka mamaci, don gumbarsa ake rabawa ranar sadakar bakwai. Tsakanin waɗannan biyun fura ce da tuwo har iyakar kwanan mutum. Da karansa muke danga, tokarsa ta shiga miya, dusarsa ta awaki ce. In aka ce wane na kwance, ba ma tambayar abin da ke damunsa, sai mu ce yana shan fura kuwa? In aka ce yana sha, kowa ya koma harkarsa.

Geronmu kwana casa'in yake so daga shuka zuwa yanka. Damina kuwa ta soma yi mana rowa. Shekara uku a jere ruwa na ɗaukewa a wajen kwana saba'in, daidai lokacin da gero ke soma zuba ƙwaya, sai zangarniya ta tsaya a kan kara tana kyau, ciki babu komai. Damin da ƙato ke nishi kafin ya ɗaga, mace ta riƙa ɗauka da hannu ɗaya.

Sarkin Noman garin shi ne Baffa Jatau, ƙanen mahaifina, wanda ya rene ni tun ina maraya. Shi ya ji daga bakin fataken gishiri cewa bayan Tekun Rairayi akwai wata ƙasa, Walgaza, inda gero ke nuna a kwana arba'in. Ya tara dattawa suka yi shawara, shawarar ta faɗo kaina, wai don ƙafata ba ta zama wuri ɗaya. Wani tsoho ya ƙara da cewa ko na ɓata ba a yi asarar manomin kirki ba, ba kuwa wanda ya musa masa. Mata suka kakkaɓe gindin rumbu suka yi mini curin fura busasshe cike da burgami. Baffa ya raka ni har bakin gari, ya ce in dawo da iri ko da cikin tafin hannu ne, sa'an nan ya juya bai waiwaya ba.

Wata biyu ina tafiya kafin na iso Tekun Rairayi. Yashi ne iyakar ganin ido, amma yana tashi yana faɗuwa, yana da igiya da ambaliya, in ka jefa dutse ya nutse. Ba a haye shi sai a bayan kunkuru, kunkurun da mutum ashirin ke zama a kansa su miƙe ƙafa. Masu fiton mutane ne marasa yawan magana, abincinsu ƙadangaren yashi da wani tsami-tsamin ganye, ba su taɓa ganin hatsi ba. Ran da na dama fura na ba su suka kurɓa, na ga idonsu ya sauya, na san na yi wauta.

Kwana na huɗu a tsakiyar teku na ji suna shawarar su tura ni cikin yashi su riƙe burgamin. Allah ya taimake ni da kwaɗayin babbansu, wanda ya riga ya saci curi ɗaya ya cusa a baki a bushe. Ya shaƙe, idonsa ya firfito, 'yan'uwansa suka yi ta dukan bayansa. Na bar shi ya ɗan wahala tukuna, sa'an nan na ba shi ruwa, na shaida musu cewa wannan abinci dafi ne ga duk wanda ya ci shi ba daga hannun mai shi ba. Daga ranar suka riƙa yi mini inuwa da jikinsu, suna riƙe ni in igiya ta taso, har muka kai gaci. A can suka sauke ni da rabin guzurina, suna kallon hannuna da girmamawa.

A wancan gacin rana biyu ce ke fitowa, babba da ƙarama, kowane abu inuwarsa biyu, ba kuwa wadda ke da sanyi a ciki. Babu hanya, babu mai nuna hanya. Na yi kwana tara ina bulayi har salkata ta kusa bushewa, sai na ci karo da jerin tururuwa, kowace ta kai girman ɗan akuya, suna wucewa ba su kula ni ba. Na laɓe a bayan dutse ina kallon abin da suka ɗauko, sai na ga guntayen zangarniyar gero ne. Manomi ya san tururuwa ba ta noma. Na bar inda suka nufa na bi inda suka fito, ina tafe a gefen layinsu kwana uku, har na hango rumbuna.

Walgaza ke nan. Rumbunansu sun fi ɗakunansu tsayi da kyau, ga zane ga shafe, su kuwa mutanen suna kwana a bukkoki. Harshensu ɗan'uwan namu ne da ya daɗe a daji, cikin wata biyu na kama shi. Girgije ɗaya gare su, suna kiran sa Baƙo. Yakan zo sau ɗaya a shekara ya zauna a kansu kwana arba'in, ya tattara ya tafi, ko da sarki ne ke roƙo.

Aka kai ni gaban mai kula da irin ƙasar, wanda suke kira Magajin Iri, wani gajeren dattijo mai yawan gyaran murya. Ya ji buƙatata, ya ce a Walgaza ba a sayar da iri, ba a kuma ba wa mai wucewa. Mai so sai ya noma damina guda a gidan wani, in an yi girbi a cika masa ƙwarya. Na ce na yarda. Aka haɗa ni da wata tsohuwa, Inna Hakama, mai gona ɗaya da jaki ɗaya, ba miji ba ɗa.

Da Baƙo ya iso muka yi shuka, ni da sungumi a gaba, ita a baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Ban taɓa ganin gero mai sauri haka ba. Gajere ne, bai wuce ƙirjina ba, zangarniyarsa ba ta kai kamu ɗaya ba, a garinmu da dariya za a yi masa. Amma kwana ashirin ya yi ciki, ashirin da biyar ya fid da kai. A kwanakin nan rumbun Inna ya ƙare, kamar yadda rumbun kowa ke ƙarewa gab da kaka, muka koma ruwan dusa da ganye. Tsohuwar ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu.

Ran kwana talatin da uku na shiga gona da hantsi, na tarar da zangarniyoyi jefi-jefi sun riga sauran ƙosawa, kowace an ɗaura mata zaren kaba. A garinmu wannan ita ce ranar murna. Zangarniyar da ta fara ƙosawa ita ake karyowa a gasa, shi ne tumu, shi ke fid da mutane daga yunwa kafin sauran gona ta nuna. Sarkin Noma ne ke fara ci a gaban jama'a, da ya tauna ya haɗiye an buɗe wa kowa, kowa ya ruga gonarsa. Iri kuwa sai a ƙarshe muke zaɓa, daga manyan zangarniyoyin da suka daɗe a kan kara suka cika suka batse. Da na ga kabar nan sai na ɗauka Inna ce ta yi mini alamar waɗanda suka isa gashi, kunya ta hana ta faɗa. Har na yaba wa tarbiyyarta a raina.

Na karyo bakwai, na hura wuta a bakin gona na gasa. Na murje uku na watsa a baki, na murje huɗu a ƙwarya na kai mata gida ina jiran godiya. Ta dubi ƙwaryar, ta sunsuna, ta zauna a ƙasa. Ta ɗauki faifai ta rufe, kamar yadda ake rufe fuskar mamaci.

"Ɗan nan, masu kabar ka karyo?"

"Su ne, Inna. Ai su suka ƙosa."

Ba ta zage ni ba. Ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi wurin Magajin Iri da ƙafarta, don a dokarsu mai ɓoyewa ya fi mai yi laifi. Da aka zo tafiya da ni, a hanya ne maƙwabta suka fahimtar da ni cewa zangarniyar farko ita ce irin baɗi, ba a taɓa ta ko da yunwa za ta kashe gida. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini. Suka ce ai ba a gaya wa baƙo kada ya cinna wa ɗakin da aka sauke shi wuta.

Shari'ar ba ta daɗe ba. Magajin Iri ya gyara murya ya ce iri ba ya ɓata a Walgaza, duk inda ya shiga nan ake shukawa, tunda kuwa ya shiga cikina, ni za a shuka. Aka haƙa rami a kusurwar gonar Inna, aka tsayar da ni ciki, aka cika da ƙasa har wuya. Magajin da kansa ya zagaye ni yana danne ƙasar da diddige, aiki mai kyau ƙwarai, ban ga abin gyara ba. Aka ce nan zan zauna har Baƙo ya dawo baɗi. Na tambaya ko an taɓa samun wanda ya kai, suka ce ba a taɓa ba, amma doka ba ta hana ba.

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙwaryar irin da ta kuɓuce saura kwana bakwai, da Baffa da ke can yana duban hanya.

Inna Hakama ba ta yashe ni ba. Ta kifa mini malafa saboda zafin rana babba da ƙarama, tana zuwa safe da yamma tana ɗura mini ruwan dusa da ludayi, tana korar tsuntsayen da suka soma sha'awar idona. Rana ta biyu na roƙe ta ta gaya mini daga ina kakanninsu suka samo wannan iri, ko akwai wata ƙasa gaba da zan je in Allah ya fid da ni. Ta yi dariyar da ban taɓa jin ta yi ba.

"Babu inda aka samo shi. Da geronku muka zo, mai kwana casa'in. Kakata ta ce a zamaninta Baƙo na yin kwana sittin, geron ma sittin. Baƙo na rage zama, mu kuma muna ajiye wanda ya riga 'yan'uwansa, kowace shekara, shi ke nan. Ku a garinku me kuke yi da na farkon?"

Na ce muna gasawa.

"Kowace shekara?"

Na ce tun kakannin kakanni.

Ta daɗe tana kallon kaina da ke ajiye a ƙasa, sa'an nan ta ce, "Ashe kun daɗe kuna cin abin da aka aiko ka nema." Ta kwashe ludayinta ta tafi, ta bar ni da isasshen lokacin tunani.

Rana ta uku na lallaɓa ta ta karanto mini dokokin iri ɗaya bayan ɗaya, wai don in mutu da ilimi. Suna da yawa, wasu ma ban ga amfaninsu ba. A ta goma sha ɗaya na ce ta tsaya, na roƙe ta ta kira mini Magajin Iri da dattawansa, ina da wasiyya. Suka zo suka tsaya a kaina, ina kallon yatsun ƙafarsu.

"Ranka ya daɗe, mene ne hukuncin wanda ya shuka mataccen iri a gonar Walgaza, gasasshe ko surfaffe?"

Ya gyara murya ya ce wannan cin amanar ƙasa ne, mai yin sa shi ma shuka shi ake yi.

"To wanda ke cikina gasasshe ne, Inna shaida ce. Kuma diddigenka ne ya rufe ramin."

Dattawan suka dubi juna, suka dubi Magajin, wani har ya soma auna tsayinsa da ido. Kafin ƙaramar rana ta faɗi an tone ni. Amma fa ba a yafe ba. Aka ce aikin daminata ya ɓaci, ƙwarya ta haramta, in bar ƙasar kafin girbi. Suka taje gashina, suka duba ƙarƙashin farcena, suka warware ɗinkin rigata don kada ƙwaya ɗaya ta bi ni. Inna ta ranto gero a maƙwabta ta yi mini curin fura, dafaffe, wanda ba ya tsira. Haka na bar Walgaza hannu wofi.

Komowa ta ci wata biyar, ba abin faɗi a cikinta sai cewa masu fiton kunkuru sun gane ni, sun kuma yi murna. Na iso Tudun Aduwa da bazara, na tarar wata daminar ta sake yankewa a bayana, gidaje da yawa an ja ƙaya a ƙofa an yi kudu. Baffa ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake tashi. Jama'a suka taru suna kallon burgamina. Na zazzage shi a gabansu, babu komai, na ba su labari kamar yadda na ba ku. Wasu suka yi tsaki suka tashi. Baffa ya sa na maimaita maganar Inna Hakama sau biyu, sa'an nan ya miƙa mini hauyarsa ta sarauta, ya ce bana ni zan tsaya a madadinsa, duk abin da na ce a yi. Na ce ba mai karya zangarniyar farko, za a ɗaure ta da kaba a bar ta ta bushe ta zama iri. Kowa ya amsa. Alkawarin kaka da bazara ba shi da wuyar ɗauka.

Ruwa ya sauka muka yi shuka. Na ajiye ƙwarya ina jefa tsakuwa ɗaya kowace safiya. Yunwar shekarar ta fi ta kowace shekara, mutane suka koma cin ganyen tafasa da yaɗiya, Baffa kuwa cikinsa ya ƙi ganye, duk abin da aka ba shi sai ya dawo. A tsakuwa ta sittin da tara zangarniyoyin farko suka ƙosa, na bi gonaki ina ɗaura kaba, mutane na bina da ido.

Washegari na tarar an fito da Baffa an zaunar da shi a bakin gonarsa, an hura wuta, gari duka ya taru. Kowa ya ɗauka dokar ba ta hau kan zangarniya ɗaya ta Sarkin Noma ba. Ni kuwa na san abin da ke biye da ita, don na ga kowane magidanci da 'yar wuƙarsa a hannu. Da ya tauna ya haɗiye, kafin azahar babu sauran kaba ɗaya a tsaye.

Baffa ya ɗago kai ya ce, "Nomau, ɗaya tak. Shekara arba'in da ɗaya ni ke buɗewa."

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Bana ba za a buɗe ba."

Ya dube ni, ya dubi wutar, ya ce a mai da shi gida. Na sa ƙasa na kashe wutar da hannuna. Wata gwaggona ta tofa mini yawu a ƙafa, sauran suka watse ba wanda ya yi mini magana.

Na yi tunanin in gasa masa a ɓoye, amma ƙamshin tumu ba ya ɓoyuwa a garin da ke jin yunwa. Haka na gaya wa kaina, har yau kuwa ban tabbata ba ko don gari na ƙi, ko taurin kaina ne. Kullum ina zuwa gaishe shi yana amsawa, bai sake tambaya ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Na riƙa zagaya gonaki ina matsa idon sauran geron da farce, ina roƙon ya yi sauri. Ruwa ya ɗauke a kan lokacinsa na rowa, amma raɓa ta ɗan taimaka, rabin gona ya soma ƙosawa. Baffa ya rasu da hantsin wata Laraba, saura kwana huɗu a sami abin gasawa a cikin geron da ba shi da kaba. Da sabon geron aka daka gumbar sadakarsa, ta yi daɗi, kowa ya faɗa.

Masu kabar muka yanke su daban, muka rataye a rumbun Baffa, ba wanda ya taɓa su duk rani. Da damina ta zagayo muka raba wa kowane gida muka shuka, na koma ga ƙwaryata da tsakuwata. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna haka, geronmu yanzu yana riga ruwa gamawa, waɗanda suka yi kudu sun dawo sun cire ƙaya daga ƙofofinsu, yara ma sun ɗauka kaba tun asali ake ɗaura ta. Amma shekarar farko da muka shuka masu kabar, ita nake tunawa. Ran da gonaki suka ƙosa na juye ƙwaryar na ƙirga tsakuwa, na sake ƙirgawa, sai na ga geron ya riga na bara da kwana shida. Mata suka yi guɗa, maza suka zo suna ba ni hannu, har da waɗanda suka shekara ba su gaishe ni ba. Na amsa wa kowa, sa'an nan na ware tsakuwa shida a tafin hannuna na zauna ina kallon su. Huɗu kawai Baffa ya rasa.